Tambayoyi da Amsoshi kan Iskar Kabon da Nau'o'in Banji a Tiyatar Ciki ta Kyamara

Na daɗe ina aiki a ɗakin tiyata a birnin Jidda, a sashen da ake kira takhdir da Larabci, wato sashen da yake sa majinyaci barci ko ya kashe masa wani ɓangare na jiki kafin likitan fiɗa ya taɓa shi. Da yake Hausa ce harshen gidanmu, sau da yawa ni ake kira in tsaya tsakanin likita da mutanenmu, ko dai mazauna Jidda da Makka waɗanda tsofaffinsu suka fi sakin jiki da Hausa, ko kuma alhazai da masu Umara daga Najeriya da Nijar waɗanda ciwo ya tarar da su a bakin ibada. Na lura cewa da zarar likita ya ce za a yi aikin da minzar, wato da kyamara, kuma za a hura iska a cikin ciki, sai hankali ya tashi, a shiga tambaya a kan iskar da kuma irin banjin da za a bayar, wato maganin sa barci ko kashe jiki. Tambayoyin da suka fi yawan dawowa su ne na tattara a nan. Abin da nake so mai karatu ya riƙe tun daga farko shi ne, yawan iskar kabon dayoksaid, wato iskar da ake hurawa a ciki, da take taruwa a jini a lokacin wannan aiki ya fi rataya a kan wanda yake ɗauke da nauyin numfashi, da wanda yake sa ido a kan numfashin, fiye da sunan maganin da aka ɗura wa mutum.

Mece ce tiyatar kyamara, kuma me ya sa sai an hura iska a ciki?

Ita ce tiyatar da ake yi ba tare da an tsaga ciki ba. Ana yin huji uku ko huɗu, kowanne daga rabin santimita zuwa santimita ɗaya da 'yan kai, a zura kyamara ta ɗaya, a zura dogayen kayan aiki ta sauran, likita yana aiki yana kallon allo. Sunanta a littattafan likitanci laparoskofi, a nan Saudiyya ana cewa minzar, wasu mutanenmu kuma suna kiranta aikin leza, ko da yake a mafi yawan lokuta babu leza a cikinta. Da ita ake cire madaciya mai tsakuwa da afendis, a gyara ƙaba, a yi aikin mahaifa, kuma da ita ake rage tumbin masu ƙiba, aikin da ake kira takmim.

Cikin ɗan Adam ba shi da fili, domin hanji da hanta da kitse duk a manne suke da bangon ciki, kuma idan aka zura kyamara a haka babu abin da za a gani. Saboda haka ake hura iska, wajen lita 3 zuwa 5 ga babban mutum, har bangon ciki ya ɗaga kamar laima a samu wurin aiki. Akwai injin da yake riƙe matsin iskar, yawanci tsakanin 12 da 15 a ma'aunin milimitar zaiba, wanda ake rubutawa mmHg, kuma duk lokacin da iskar ta yi yoyo sai ya ƙara wata.

Me ya sa aka zaɓi kabon dayoksaid? Ba ita ce iskar gawayi mai kisa ba?

Ba ita ba ce, kuma wannan ruɗanin ya hana mutane da yawa barci a daren da za a yi musu aiki. Iskar da take kashe wanda ya rufe ɗaki da gawayi a lokacin sanyi ita ce kabon monoksaid, wadda take kama jan jini da ƙarfin da ya ninka na oksijin fiye da sau 200. Kabon dayoksaid kuwa jikinmu ne yake yin ta dare da rana, wajen mililita 200 a kowane minti ga babban mutum da yake zaune, kuma muna fitar da ita a kowane numfashi. Ita ce kuma take tashi a cikin kwalbar lemo idan an buɗe.

Waɗanda suka fara leƙa ciki da madubi, Georg Kelling na Jamus a 1901 da Hans Christian Jacobaeus na Suwidin a 1910, iskar duniya suka hura. Likitan Suwizalan Richard Zollikofer ne ya ba da shawarar kabon dayoksaid a 1924, kuma har lokacin da Erich Mühe ya cire madaciya ta wannan hanya a Jamus a 1985, ba a samu wadda ta fi ta ba. Ba ta kama wuta, alhali likitan fiɗa yana ƙona jijiyoyi da lantarki a cikin ciki. Tana narkewa a jini fiye da oksijin da kusan ninki 20, don haka ko wani kaso ya kuskure ya shiga jijiya, ya fi saurin narkewa a kan iskar duniya. Sannan jiki yana da ƙofar fitar da ita, wato huhu. Sai dai wannan saurin narkewa da ya sa aka zaɓe ta shi ne kuma ya sa take ratsa tantanin ciki ta shiga jini, ta zama ƙarin kaya a kan huhu.

Nawa ne daidai a jini, kuma wa yake kula da shi a jikin mai lafiya?

A jinin da yake fitowa daga zuciya, daidai shi ne 35 zuwa 45 mmHg. A ƙasan ƙwaƙwalwa akwai cibiyar da take jin hawanta ko da kaɗan ne, sai ta umarci ƙirji ya ƙara numfashi. Duk wanda ya yi sassarfa tsakanin korayen fitilun Safa da Marwa ya ji aikin wannan cibiya, domin tsoka ta ƙara samar da iskar kabon, numfashi kuma ya ƙaru ba tare da ya yi niyya ba. Bambancin nau'o'in banji a wannan batu duka yana komawa ga tambaya ɗaya: an bar wannan cibiya tana aikinta, ko an dusashe ta, ko an karɓe aikin daga hannunta gaba ɗaya?

Yaya iskar take kasancewa idan an yi cikakken banji da bututu a maƙogwaro?

Wannan ita ce hanyar da aka fi bi a ko'ina, kuma a ganina ta cancanci hakan. Ana sa majinyaci barci, a ba shi maganin da yake sassauta tsoka duka har da ta numfashi, a zura bututu cikin maƙogwaronsa a haɗa da injin numfashi. Daga wannan lokaci ba shi da ikon ƙara numfashi ko da iskar ta taru, saboda haka nauyin ya koma kan likitan banji.

Idan aka fara hura ciki aka bar injin yadda yake, adadin yakan yi ta hawa a hankali na tsawon minti 15 zuwa 30, sannan ya tsaya a wani mataki. Abu biyu ne suke haɗuwa su kawo hawan. Na farko shi ne iskar da jini yake tsotsewa daga ciki. Na biyu shi ne matsin da yake tura shamakin da ya raba ciki da ƙirji zuwa sama, sai huhu ya takura, saukin buɗewarsa ya ragu da kashi 30 zuwa 50 cikin ɗari. Kwanciyar majinyaci ma tana da tasiri: a aikin madaciya ana ɗaga kai sama, wanda yake sauƙaƙa wa huhu, amma a aikin mahaifa da ƙasan mara ana karkatar da kai ƙasa, sai kayan ciki su ƙara danne ƙirji.

Maganin wannan hawa a hannun likita yake. Ga mai lafiyar huhu, ƙarin numfashi na kashi 10 zuwa 25 cikin ɗari yakan isa ya mayar da adadin wurinsa. An fi son a ƙara yawan numfashi a minti a kan a ƙara girman kowane numfashi, saboda huhun da aka riga aka matse ba ya son a cusa masa iska da ƙarfi. Ƙwararren likita kan ƙyale adadin ya ɗan haura 45 ga mai ƙoshin lafiya idan mayar da shi ƙasa zai buƙaci matsin da zai cutar da huhu, kuma wannan hukunci ne mai kyau, ba sakaci ba. Akwai kuma wani ɗan hawa da ake gani a ƙarshe, lokacin da aka saki iskar ciki, domin ƙananan jijiyoyin da matsi ya danne sun buɗe sun kwaso abin da ya taru zuwa huhu. Shi ya sa ba a gaggawar cire bututu da zarar likitan fiɗa ya ajiye kayan aiki.

Akwai bambanci tsakanin banjin shaƙa da na jijiya?

Ta fuskar iskar kabon, bambancin ƙalilan ne matuƙar injin ne yake numfashi. Ko an riƙe barcin da sebofuloren ko aisofuloren da ake shaƙa, ko da furofofol da ake ɗurawa ta jijiya, adadin yana bin yadda aka saita injin. Inda suka fi bambanta shi ne tashin zuciya da amai bayan farkawa, wanda furofofol yake ragewa, kuma wannan yana da amfani domin tiyatar kyamara tana cikin ayyukan da suka fi jawo amai.

An ce akwai abin da ake sawa a baki a maimakon bututu. Shi fa?

Akwai wata 'yar roba mai kama da cokali da take zama a saman maƙogwaro ba tare da ta shiga ciki ba. Ba ta cika sa ciwon wuya ba, kuma wasu likitoci suna amfani da ita a gajerun ayyuka ga marasa ƙiba. Idan ta zauna daram, ana iya riƙe iskar kabon da ita kusan kamar bututu. Matsalarta ita ce idan matsin ƙirji ya hau tana iya yoyo, numfashin da yake isa huhu ya ragu, kuma ba ta kare huhu daga abin da ya taso daga tumbi kamar yadda bututu yake yi. Mai ƙiba, da mai ƙwannafi, da wanda cikinsa bai zama fanko ba, bututu ne nasu. Barin majinyaci ya yi numfashi da kansa alhali yana cikin cikakken banji an kuma hura masa ciki shi ne yanayin da iskar ta fi saurin taruwa, saboda an dusashe cibiyar numfashi kuma ba a karɓi aikinta ba, don haka ba a yin sa sai a aikin da ba zai wuce 'yan mintuna ba.

Ina tsoron cikakken banji. Ba za a yi mini allurar baya ba, kamar yadda ake yi wa masu haihuwa?

Ana iya yi a wasu lokuta, kuma abin da yake faruwa da iskar kabon a nan yana ba mutane mamaki. Da yake majinyaci a farke yake, cibiyar numfashinsa tana nan da ranta, kuma jijiyar da take motsa shamakin ƙirji daga wuya ta fito, can sama da inda allurar take kaiwa. Saboda haka da iskar ta fara shiga jini, sai ya ƙara numfashi da kansa, adadin ya zauna kusan inda yake. Na tsaya a kan wata baiwar Allah da aka yi wa aikin ƙari a ƙwan mahaifa ta wannan hanya, ina kallon numfashinta yana tashi daga 14 a minti zuwa sama da 20 ba tare da ta sani ba, lambar iskar kuma ba ta gusa sosai ba. Can sai ta juyo da kai ta ce, "Ɗana, kafaɗata ta dama ce take ciwo, alhali ciki ake aiki." Na ce, "Inna, iskar ce take taɓa tantanin da yake ƙarƙashin ƙirji, jijiyarsa kuwa da ta kafaɗa tushensu ɗaya. Ki yi haƙuri, za a rage matsin." Aka rage, aka ci gaba.

Wannan ciwon kafaɗa shi ne babban cikas, domin allurar baya ba ta kai gare shi. Idan ya tsananta, dole a ba da maganin ciwo mai ƙarfi irin fentanil, ko na kwantar da hankali irin midazolam, kuma waɗannan su ne suke dusashe cibiyar numfashin da aka dogara da ita tun farko. Majinyacin da aka yi wa allurar baya, aka hura masa ciki, aka karkatar da kansa ƙasa, sannan aka loda masa maganin gyangyaɗi, yana cikin haɗarin taruwar iska fiye da wanda yake kan injin. Bayan haka, dole mutuwar jikin ta hau har wajen layin nono kafin a iya aiki a saman ciki, kuma a wannan mataki hawan jini yakan faɗi, bugun zuciya ya ragu, tsokar haƙarƙari ta yi rauni. Shi ya sa masu bin wannan hanya suke rage matsin iskar zuwa 8 ko 10, su zaɓi gajeren aiki, da likitan fiɗa mai saurin hannu, da majinyaci mai natsuwa, kuma kayan cikakken banji suna ajiye a gefe ko da za a koma gare shi. Shawarata ga wanda tsoro kaɗai ya sa yake neman allurar baya ita ce ya faɗa wa likitan banji tsoron nasa ɓaro-ɓaro, domin a mafi yawan ayyukan kyamara cikakken banji ya fi kwanciyar hankali.

Allurar kashe wurin huji kaɗai fa?

Ana yin ta a ƙananan ayyuka ƙwarai, kamar leƙa ciki don gano cuta ko ɗaure bututun mahaifa, da iska kaɗan da matsi kaɗan. Adadin iskar kabon ba ya cika sauyawa saboda majinyaci yana ƙara numfashi da kansa. Ba ta isa cire madaciya ko wani dogon aiki ba.

Yaya ake sanin adadin a lokacin aiki? Abin da ake maƙalawa a yatsa bai isa ba?

Bai isa ba, kuma ina fata kowa ya san wannan. Abin yatsa oksijin kaɗai yake aunawa. Mutumin da ake ba ƙarin oksijin yana iya nuna 99 a yatsa alhali numfashinsa ya yi rauni, iskar kabon tana ta taruwa a jininsa. Na'urar da take auna kabon daban take, sunanta kafnogiraf. Tana ɗaukar samfur daga iskar da majinyaci ya fitar, ta zana kowane numfashi a kan allo kamar jerin ƙananan akwatuna, ta kuma rubuta lambar ƙarshen numfashi. Idan akwatunan suka ɓace, numfashi ya tsaya ko bututu ya cire, kuma ana gani nan take tun kafin abin yatsa ya motsa.

Ga mai lafiya, lambar numfashi tana ƙasa da ta jini da 2 zuwa 5 kawai, don haka ana iya dogara da ita. Ga mai tsohon ciwon huhu ko raunin zuciya kuwa, tazarar tana iya faɗaɗa sosai bayan an hura ciki, allo ya nuna lamba mai kyau alhali ta jini ta yi sama. Irin waɗannan ana ɗibar musu jini daga jijiyar wuyan hannu a auna kai tsaye, wani lokaci sau da yawa a aiki ɗaya. Wanda aka yi wa allurar baya ma ana iya auna masa ta siririn bututun hanci, ko da yake lambar ba ta kai ta mai bututun maƙogwaro inganci ba. Duk asibitin da za a hura wa mutum ciki, haƙƙinsa ne ya tambaya ko akwai wannan na'ura kuma tana aiki.

Idan iskar ta yi yawa, me take haifarwa, kuma me yake sa ta wuce kima?

Hawa kaɗan yana sa bugun zuciya da hawan jini su ƙaru. Idan ya yi yawa, jini yakan yi tsami, wato ma'auninsa da ake kira pH ya sauka ƙasa da 7.35, bugun zuciya ya rikice, jijiyoyin ƙwaƙwalwa su buɗe matsin cikin kai ya hau, farkawa kuma ta yi jinkiri.

Ƙa'idar da muke bi ita ce, idan an wuce rabin awa lambar tana ci gaba da hawa, to akwai dalilin da ya kamata a nema. Mafi yawa shi ne iskar ta ɓalle ta shiga ƙarƙashin fata, inda jini yake tsotse ta da sauri fiye da cikin ciki. An fi ganin haka a doguwar tiyata, da kuma ayyukan da ake hura iska a wajen tantanin ciki, kamar wani salon gyaran ƙaba da aikin ƙoda. Ina tuna wani magidanci da ake gyara wa ƙaba, lambar ta haura 55 duk da an ƙara numfashi. Likitar banji ta zura hannu ƙarƙashin mayafin aiki ta danna ƙirjinsa, sai muka ji ƙaras-ƙaras kamar ana taka busasshen ganye. Aka dakatar da aikin na 'yan mintuna, aka rage matsin, aka ci gaba da fitar da iskar da injin, kuma ba a cire masa bututu ba sai da lambar ta sauko. Ya fito wuyansa da fuskarsa a ɗan kumbure, matarsa ta riƙe baki tana salati, amma kafin kwana biyu kumburin ya sace.

Wasu dalilan su ne iskar ta ratsa zuwa cikin ƙirji ta danne huhu, ko bututu ya zame cikin reshen huhu ɗaya saboda shamaki ya turo sama, ko kuma ƙwayoyin da suke tace kabon a cikin injin banji sun ƙare, abin da ake ganewa da sauyin launinsu daga fari zuwa shuɗi mai ja-ja. Akwai kuma wata cuta ta gado da ba kasafai ake samu ba, wadda banjin shaƙa yake tayarwa, jiki ya yi zafi tsoka ta sandare, kuma hawan iskar kabon yana cikin alamunta na farko. Maganinta dantirolin, kuma saboda ita ake tambaya ko wani a dangi ya taɓa samun matsala da banji.

Faɗuwar lambar kwatsam ta fi hawanta tayar da hankali, domin tana iya nufin iskar ta shiga babbar jijiya ta toshe hanyar jini zuwa huhu, ko zuciya ta yi rauni. Nan take ake tsayar da hurawa, a saki ciki, a ba da oksijin zalla, a juya majinyaci ɓangaren hagu kai a ƙasa. Abu ne da ba kasafai yake aukuwa ba.

Ɗana mai sikila ne, kuma an ce a cire masa madaciya. Iskar ba za ta tayar masa da ciwo ba?

Wannan tambaya ta fi kowacce shafar mu, domin sikila tana da yawa a cikin Hausawa, kuma a nan Saudiyya tana da yawa a yankin gabas irin Ƙaɗif da Ahsa, da kudu maso yamma irin Jazan, har gwamnati ta wajabta gwajinta kafin aure tun 2004. Masu sikila suna yawan samun tsakuwar madaciya tun suna ƙanana saboda jan jininsu yana saurin fashewa, don haka likitocin ƙasar nan sun saba da wannan aiki a kansu.

Tsoron yana da tushe. Tsamin jini, da ƙarancin oksijin, da sanyi, da ƙarancin ruwa su ne suke lanƙwasa ƙwayoyin jini, kuma taruwar iskar kabon tana kawo na farkon. Saboda haka mai sikila ba a ƙyale lambarsa ta haura kamar yadda ake ƙyale ta mai ƙoshin lafiya. Ana yi masa cikakken banji da bututu domin numfashi ya kasance a hannun likita, a rage matsin ciki gwargwadon iko, a ɗumama shi, a sa masa ruwa tun lokacin da ya daina cin abinci, kuma sau da yawa a ƙara masa jini kafin aiki har ma'aunin jan jininsa ya kai wajen 10. Amfanin kyamara gare shi shi ne raunin ƙarami ne, yana iya jan dogon numfashi da tashi tafiya da wuri. Duk da haka ciwon ƙirjin sikila yana iya zuwa a kwanakin farko bayan aiki, don haka zazzaɓi ko tari ko haki ba abin jira har gobe ba ne. Mai ɗauke da rabin sikila, wanda ake kira AS, yawanci ba ya buƙatar waɗannan matakai duka, amma ya sanar da likita.

Mai ciki, da mai ƙiba, da mai shan shisha fa?

Mai ciki adadinta na asali ya fi na kowa ƙasa, wajen 30, kuma jaririn yana zubar da tasa iskar kabon ne ta jinin uwa. Idan ta uwa ta hau, ta jariri ba ta da mafita, don haka ana riƙe lambarta kusa da wannan mataki, a kuma ɗan karkatar da ita hagu idan cikin ya girma. Ana cire afendis da madaciya da kyamara ga masu ciki idan buƙata ta kama.

Mai ƙiba huhunsa a takure yake tun kafin a hura ciki, kuma haɗarinsa ya fi yawa bayan an cire bututu, musamman mai minshari da numfashinsa yake ɗaukewa cikin barci, domin maganin ciwo mai ƙarfi yana iya sa iskar ta taru a ɗakin jinya. Wanda yake da injin barci a gida ya zo da shi asibiti. Mai shan taba ko shisha kuwa ya sani cewa hayaƙin taba da na gawayi yana cika jininsa da kabon monoksaid, wadda take ruɗar abin yatsa ya nuna lamba mai kyau ta ƙarya. Barin sha na kwana ɗaya yana rage wannan, amma huhu yana buƙatar makonni 4 zuwa 8 kafin ya amfana sosai. Mai asma ya zo da abin shaƙarsa.

Bayan an gama, iskar tana zama a ciki?

Likita yana sakin mafi yawanta kafin ya ɗinke hujin, ragowar kuma jini yana kwashe ta zuwa huhu cikin 'yan kwanaki. Ba ta fita ta gyatsa ko tusa, domin ba a cikin hanji take ba. Ciwon kafaɗa da kumburin ciki na kwana ɗaya zuwa uku abu ne da aka saba gani, kuma tashi a yi tafiya a hankali yana taimakawa. Barci mai nauyi da ba a iya tayar da mutum daga gare shi, ko numfashi a hankali ƙwarai, ko haki, ko ciwon ciki da yake ƙaruwa tare da zazzaɓi, waɗannan na komawa asibiti ne nan take, kuma a nan Saudiyya lambar motar agaji ta Hilal Ahmar ita ce 997.

Alhajin da aka yi wa aikin a nan, yaushe zai iya hawa jirgi ya koma gida?

Matsin iska a cikin jirgi yana raguwa idan ya yi sama, kuma duk iskar da take kulle a jiki tana faɗaɗa da wajen kashi ɗaya bisa huɗu ko fiye. Saboda haka ake shawartar a jira aƙalla kwana 1 zuwa 2 bayan ƙaramin aikin kyamara da ya tafi lafiya, babban aikin ciki kuwa wajen kwana 10. Wanda iskar ta shiga masa ƙirji, ko mai sikila, ko wanda aka ɗinke wa hanji, lissafinsa daban ne, kuma likitan da ya yi aikin ne zai yanke ranar. Kamfanonin jirgi sukan nemi takardar likita, don haka a karɓe ta tun kafin sallama. A roƙi kuma a rubuta a cikin rahoton irin banjin da aka yi, da ko an sha wahalar sa bututu, da duk abin da ya faru da numfashi a lokacin aikin, sannan a ajiye takardar tare da fasfo domin likitan da zai duba shi a Kano ko Damagaram ya san abin da aka yi.